Ledar AstroSolar ta Baader: sharhi ga mai son ganin tabon rana daga Makka ko Jidda

Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027, wato ƙarshen watan Safar na 1449, in Allah ya kai mu, rana za ta yi cikakken husufi a kan Jidda da Makka jim kaɗan bayan azahar. A Jidda duhun zai kai kusan minti shida, a Makka ya ɗan haura biyar. Kafin ranar ta zo kasuwa za ta cika da tabarau da ledoji iri-iri, na gaske da na bogi, kuma da yawa cikin 'yan'uwa, daga Shara Mansur har Karantina, za su saya a gurguje. Wanda yake da madubin hangen nesa, ko da irin ƙaramin nan ne da ake neman jinjirin wata da shi, gara ya shirya tun yanzu. Abin da zai saya domin husufi shi ne kuma zai nuna masa tabon rana, wato baƙaƙen ɗigon da ke fitowa a fuskarta, duk safiya, ba sai an jira 2027 ba.

Kayan da muke magana a kai shi ne AstroSolar Safety Film mai lamba OD 5.0, na kamfanin Baader Planetarium da ke Mammendorf a Jamus. Leda ce mai sheƙi kamar takardar alawa, ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, an shafe fuskokinta biyu da ƙarfe. Lambar 5.0 na nufin cikin haske kashi 100,000 kashi ɗaya kaɗai take bari ya wuce. Ana sayar da ita a falle mai faɗin santimita 20 da tsawon 29, akwai kuma babban naɗi mai 50 da 100. Falle ɗaya ya isa a rufe madubi mai bakin milimita 100, a rufe idanu biyu na tabaran hangen nesa mai milimita 50, har a sami ragowa. Kuɗinsa, ko an haɗa da na aikowa da harajin kashi 15 na Saudiyya, bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da kuɗin madubin kansa.

Hukuncinmu a taƙaice: ga mai son ganin tabon rana da kaifi, babu abin da ya kai wannan leda a wannan kuɗin. Amma leda kawai ake sayar maka. Gidan da za ta zauna kai za ka gina shi, kuma a zafin Hijaz a nan ne matsala take faruwa.

Abu biyu ne masu saye suke rikitawa, kuma kowanne yana iya cin ido. Na farko, kamfanin yana da wata leda mai kama da wannan sak, mai lamba OD 3.8. Ta masu ɗaukar hoto ce zalla. Hasken da take bari ya wuce ya ninka na 5.0 kusan sau goma sha shida, ba a sa mata ido ko na daƙiƙa ɗaya. A duba lambar a jikin ambulan kafin a biya, a sake dubawa in kaya sun iso. Na biyu, ita kanta 5.0 ɗin kamfanin ya ce a gaban madubi ko kyamara ake sa ta, ba a yanka ta a yi tabaran kallon husufi da ita. Tabaran da ake sawa a fuska suna da ƙa'idarsu dabam, ISO 12312-2, kuma kamfanin yana da wata ledar ta musamman domin wannan aikin.

Sai na jabu. Bargon leda mai sheƙi da ake samu a akwatin agajin gaggawa, da ledar naɗe kyauta, duk suna kama da ita a ido. Gwaji mai sauƙi shi ne ka ɗaga ledar ka kalli ɗaki ta cikinta. In ka ga taga, ko fitilar silin, ko inuwar mutum, jefar da ita. Ta gaske ba ta nuna komai sai abu mai tsananin haske, kamar fitilar waya da aka matso da ita dab, ita ma ɗin dishi-dishi. Wannan gwajin yana kama jabun da ya fito fili ne kawai, ba ya tabbatar da cewa leda tana tare hasken da ido ba ya gani, saboda haka a saya daga dillalin kayan falaki da aka sani. Dabarun da muka taso da su, su baƙin fim ɗin hoton asibiti, gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, faifan CD, ko kallon rana a kwanon ruwa, babu mai tsare ido a cikinsu. Bayan ido, inda hoto yake sauka, ba ya jin zafi lokacin da yake ƙonewa, sai bayan sa'o'i mutum ya ga wani duhu ya tsaya masa a tsakiyar gani. Haka nan ɗan baƙin gilashin nan mai rubutun SUN da ake samu a kwalin tsofaffin madubai, wanda ake ɗaurawa a gindin gilashin ido, wato ɗan gilashin da ake leƙa madubin ta cikinsa: yana zaune ne daidai inda madubi yake tara zafi, yana iya tsagewa ba sallama.

Yadda ake gina gidan

Ana buƙatar farin kwali mai kauri, irin wanda kowace maktaba take sayar wa 'yan makaranta, da salatif mai fuska biyu, gam, kamfas, reza da almakashi. A yanka zobe biyu na kwali. Ramin tsakiya ya zama daidai faɗin gilashin madubin, kewayen waje kuma ya fi shi da kamar santimita goma. A liƙa salatif ɗin a fuska ɗaya ta kowane zobe, a datse duk abin da ya leƙo cikin rami. A yanka ledar tana tsakanin takardun da ta zo da su, murabba'i ɗaya da ya ɗan fi zoben girma, kada yatsa ya taɓa fuskarta. Sannan a cire duk abin kariya da ya zo manne da ita, farar takarda ko siririyar leda mai gani-har-hanji. Wannan ta biyun mutane kan manta da ita, su yi ta ƙorafin hoto ya yi hazo.

A shimfiɗa tishu a kan tebur, a ɗora ledar a sake. A riƙe zobe na farko, fuskar gam tana ƙasa, kamar santimita ɗaya sama da ledar, a sake shi ya faɗa da kansa. A juya, a ɗora na biyu. Kada a ja ledar don ta miƙe. Kowa zuciyarsa tana son ya gan ta sumul kamar fatar ganga, kuma wannan ne babban kuskure: jan ta yana lalata kaifin hoto, yana kuma iya tsattsaga shafen ƙarfen. 'Yan tattara-tattaran da ake gani ba sa rage komai, domin ledar ta yi sirantar da haske ba ya karkata a cikinta.

Saura wuyan da zai kama madubi. A yanka kwali mai faɗin santimita biyar zuwa bakwai, a naɗa shi sau uku a bakin madubin ana shafa gam tsakanin naɗi da naɗi, a bar shi ya bushe a wurin, sannan a manne shi da zoben. A duba mahaɗar da fitila a ɗaki mai duhu, ko'ina haske ya ɓullo a toshe da baƙin salatif.

A ƙasashen sanyi aikin ya ƙare ke nan. A nan bai ƙare ba. Gam ɗin salatif yana laushi in ya sha rana, kwali kuma yana shan laimar Jidda ya kumbura ya saki, har wuyan da ya kama ƙam a watan Janairu ya koma yana girgiɗi a Yuli. Iskar teku da take tasowa in rana ta ɗaga tana iya ɗage shi a lokacin da ido yake kan madubi. Don haka kada a dogara da matsewar wuya kaɗai. A sa maɗauri uku a kewaye, na Velcro ko salatif ɗin masu fenti, daga zoben zuwa jikin madubi. A ƙara wa zobba biyun ƙusar sitefula ko 'yan ƙananan noti a can gefe, nesa da rami, yadda ko gam ya narke ledar ba za ta zame ba. Kafin kowane kallo a karkata madubin ƙasa a girgiza shi. Wanda ba ya son wannan wahala, kamfanin yana sayar da ledar a cikin gidanta: ASTF na manyan madubai, ASSF na madubin kallon tsuntsaye, ASBF na tabaran hangen nesa da kyamara. Sun fi tsada sosai, amma suna zuwa da ƙafafun roba masu kama bakin madubi da kuma maɗaurai. Ga wanda zai tara yara ko maƙwabta su leƙa, muna ganin ƙarin kuɗin ya cancanta.

Ajiya ma tana da nata. Kada a bar ta a mota, inda zafi kan haura digiri 70 da rani. A sa ta a gwangwanin biskit mai murfi da ɗan ƙullin nan mai shan laima. Ƙura in ta hau, a hure ta da famfon roba na masu kyamara. Goge ta da ƙyalle daidai yake da goga mata yashi. Kafin amfani a ɗaga ta wajen rana a miƙe hannu a duba: ƙaramin huji kamar tsinin allura ana toshe shi da baƙin alƙalami mai kauri ta fuskar ciki, amma in hujin sun yi yawa, ko an ga karce mai tsawo, a yanka sabuwa. Rauninta ke nan na gaskiya: ba ta jure hannu kamar matacin gilashi ko baƙar leda mai kauri, waɗanda suke ba da rana ruwan lemo. Sai dai waɗancan, musamman masu araha, ba su cika kai ta kaifi ba.

Ƙaramin madubin saiti da ke kan babban, a cire shi ko a rufe bakinsa da murfi a liƙe. Ana saita rana ne da inuwa: a juya madubi har inuwarsa a ƙasa ta tsuke ta zama da'ira, rana tana ciki ko dab da shiga. Mai babban madubi na milimita 200 ba ya buƙatar rufe bakin duka da leda. Ya rufe shi da kwali, ya huda rami na milimita 60 zuwa 70 a gefe, tsakanin ƙarafan da ke riƙe ƙaramin madubin ciki. Ba asara ba ce, domin iskar rana da wuya take barin babban baki ya nuna fifikonsa.

Abin da ake gani

Rana tana fitowa fara tas, tana ɗan dusashewa wajen baki. Da madubi mai bakin milimita 80 da tsawon fokas 900, gilashin ido na milimita 25 yana ba da ninki 36, faifan rana duka yana shiga da sarari. Na milimita 10 yana kai wa 90, kuma yawancin ranaku iyakar abin da iska za ta bari ke nan. Babban tabo yana da ƙwaya baƙa ƙirin a tsakiya, da geza mai ruwan toka kewaye da ita. In iska ta nutsu na daƙiƙa ɗaya ko biyu, gezar takan rabu ta zama zare-zare masu fitowa daga ƙwayar kamar gashin ido. Kusa da bakin faifai ana ganin wasu farare-farare kamar an yayyafa madara, tabon da ke can kuma yakan yi kamar ɗan kwarin akushi, abin da Alexander Wilson ya lura da shi tun 1769. A safiya mai kyau fuskar rana duka takan yi ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemo. Kowane ƙurji tafasar iskar gas ce mai faɗin kilomita dubu ko fiye, tana ɗaukar kamar minti goma ta watse wata ta maye. Matacin kore na kamfanin, Solar Continuum, wanda ake ɗaurawa a gilashin ido bayan ledar tana gaba, yana ƙara fito da su. Shi kaɗai ba kariya ba ne.

Lokaci ya fi kayan aiki tasiri a nan. Daga awa ɗaya zuwa uku bayan fitowar rana shi ne dama. Da hantsi ya yi, siminti da kwalta sun ɗauki zafi, kawalwalniya ta tashi, bakin rana sai ya riƙa rawa kamar tutar da iska ke kaɗawa. Saman bene, inda yawancinmu za mu kafa madubi, shi ne wuri mafi muni in ba a yi dabara ba, saboda injinan mukayyif, wato na sanyaya ɗaki, da ke jere suna huro zafi. A tsaya ta gabas da su yadda ba za a kalli rana ta cikin hucinsu ba, a yayyafa ruwa a daɓen tun da wuri. Wanda ya sami hawa Ɗa'if, Hada ko Shafa, zai ga bambanci, domin ya bar mafi yawan ƙura da laima a ƙasa. Tsakar rana kuwa, ban da kawalwalniya, akwai matsalar wuya: a 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18, da 15 ko 16 ga Yuli da 12:27, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba, kuma duk tsawon bazara tana kusa da tsakar ka da azahar. Ƙafar kyamara ta yau da kullum ba ta iya ɗaga madubi haka ba tare da ya rinjaya baya ba. Husufin 2027 ma a can sama zai faru, don haka a tanadi madubin kwana mai digiri 90, a gwada ƙafafun tun kafin ranar.

Tabon ba baƙi ba ne a haƙiƙa. Fuskar rana tana da zafin kusan digiri 5,500, ƙwayar tabo kuma tana wajen 3,500 zuwa 4,000. Da za a ciro ta a rataye a sararin dare, da ta fi cikakken wata haske. Abin da ya sanyaya ta maganaɗisu ne. Rana ba dunƙulen dutse ba ce, tsakiyarta tana kewayawa cikin kwana 25, wajen kai da gindi kuma sai kusan 35. Wannan saɓanin yana naɗe igiyoyin maganaɗisu yana murɗa su, har wani damin ya kumburo ya huda fuska. Inda ya fito da inda ya koma, nan tafasar da ke kawo zafi daga ciki take tsayawa, wurin ya huce. Shi ya sa tabo ya fi zuwa bibbiyu, na gaba da na baya, kowanne da nasa kan maganaɗisu. George Ellery Hale ne ya tabbatar da haka a 1908 a dutsen Wilson na Amurka, da ya ga layukan hasken tabo sun rabu. Ƙarfin maganaɗisun, da ake aunawa da gaus, yakan kai 2,000 zuwa 4,000, alhali na duniyarmu da ke juya allurar kamfas ɗin alƙibla kusan rabin gaus ne.

Nan ne iyakar ledar. Sawun maganaɗisu take nunawa, ba shi kansa ba. Ba za ta gaya maka wane tabo ne arewa wane ne kudu ba. Wannan sai ka buɗe hoton maganaɗisun rana, inda baƙi yake nuna kai ɗaya fari kuma ɗayan, na kumbon SDO na hukumar NASA, wanda yake aiki tun 2010, ka gwada da abin da idonka ya gani. In ka ga ƙwayoyi da yawa cunkushe cikin geza ɗaya, hoton kuma ya nuna baƙi da fari sun cakuɗe a wurin, irin tabon da masana ke kira delta ke nan, mai yawan aman wuta. Irinsa ne rukunin da aka ba lamba 3664 a Mayun 2024, wanda ya haddasa guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi tun 2003. Harsunan wuta jajaye da ake gani a bakin rana a hotuna kuwa, wannan leda ba za ta taɓa nuna su ba, kuma masu saye da yawa a nan suke jin an cuce su. Waɗancan sai madubi na musamman mai tace jan hasken haidirojin kaɗai, kamar Coronado PST mai bakin milimita 40 ko Lunt mai 50, kuma kuɗinsu ya ninka na ledar sau da yawa.

Mai son ya amfana da gaske ya riƙa zane. A zana da'ira mai faɗin milimita 109. Tunda faɗin rana ya ninka na duniya sau 109, kowace milimita ɗaya a takardar duniya guda ce, muddin tabon yana kusa da tsakiyar faifai. Don gane yamma, a bar madubi tsaye: gefen da ya fara fita daga gani shi ne yamma, kuma rana tana cinye faɗin kanta cikin minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Gobe za a tarar tabon ya matsa kusan digiri 13, cikin mako biyu ya ƙetare daga baki zuwa baki. Ƙidaya kuma tsarin Rudolf Wolf ake bi: a ninka yawan rukuni sau goma, a ƙara yawan tabo ɗai-ɗai. Rukuni huɗu masu tabo 23 sun ba da 63, tabo ɗaya tilo ya ba da 11. Lambarka za ta gaza wadda cibiyar SILSO ta Beljiyam take fitarwa, domin ƙaramin madubi ba ya kama ƙananan ɗigo, amma hawa da saukarta za su bi tasu.

Batun duniyoyi

Tambayar da ba ta ƙarewa ita ce ko duniyoyin da ke kewaya rana ne suke jawo tabon. Tsohuwar magana ce. An ruwaito cewa a shekarar 840 Alkindi ya ga baƙin ɗigo a rana ya ɗauka Zahara (Venus) ce take giftawa, Kepler ma a 1607 ya ga tabo ya ce Uɗaridu (Mercury) ne. Bayan Heinrich Schwabe ya sanar a 1843 cewa tabon yana yawaita yana raguwa a kan zagaye, sai hankali ya koma kan Mushtari (Jupiter), wanda yake kewaya rana cikin shekara 11.86, ga shi zagayen tabo kusan 11 ne.

Kama da wane ba ta wane. Daga 1755, inda aka fara lissafin zagaye na ɗaya, zuwa Disambar 2019 da na 25 ya soma, an yi zagaye 24 cif cikin shekara kusan 265. A wannan tsawon Mushtari ya kewaya sau 22 da ɗan ɗoriya ne kawai. Duk bayan zagaye bakwai sai su yi hannun riga, lokacin da ya dace da ganiyar tabo ya koma dacewa da ƙarancinsa. Ban da haka, zagayen tabo ba shi da tsayayyen tsawo, an ga na shekara tara, an ga wanda ya haura goma sha uku, kuma daga 1645 zuwa 1715 tabon ya kusan ɓacewa gaba ɗaya alhali duniyoyi suna tafiyarsu ba fashi. In aka lissafa jan da Mushtari yake yi wa fuskar rana, irin wanda wata yake yi wa teku, tudun da yake tayarwa kusan rabin milimita ne, na Zahara ma haka, a jikin abin da faɗinsa ya kai kilomita miliyan 1.39 kuma yake tafasa da gudun kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa.

Ba a rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Frank Stefani da abokan aikinsa a Dresden ta Jamus sun kawo hujjar cewa jeruwar Zahara, duniyarmu da Mushtari, wadda take maimaituwa kusan duk shekara 11.07, tana iya zama kamar mai kiɗa da ke daidaita takun injin maganaɗisun rana, ko da ba ita take tura shi ba. Bincike ne na gaske a mujallun ilimi, amma yawancin masanan rana ba su karɓe shi ba, kuma wata da'awa makamanciyarta da aka buga a 2012, Cameron da Schüssler sun nuna a 2013 cewa dacewar alƙaluman nata ba ta wuce abin da sa'a kan haifar ba. A ganinmu mai leda ya ɗauki maganar a matsayin tambaya da ake kan bincike. Masu tura saƙo a waya cewa duniyoyi sun jeru don haka gobe rana za ta yi aman wuta ko ƙasa ta girgiza, wannan duba ne aka sa wa rigar kimiyya.

Tasirin da aka tabbatar ta ɗaya ɓangaren yake bi, daga rana zuwa duniyoyi. A 13 ga Maris 1989 guguwar rana ta kashe wutar lardin Kwibek na Kanada na kusan awa tara. A Fabrairun 2022 wata 'yar matsakaiciya ta kumbura saman iskar duniya, ta jawo faɗuwar mafi yawan taurarin ɗan'adam 49 na Starlink da aka harba a makon. Mirrihu (Mars), da ba shi da garkuwar maganaɗisu mai lulluɓe shi duka, iskar rana tana ta kankare masa iska, abin da kumbon MAVEN ya je aunawa a 2014, kumbon Amal na Hadaddiyar Daular Larabawa kuma ya ɗauko hoton hasken da wannan karo yake haifarwa a daren Mirrihu a 2021.

Wuri ɗaya da ledar za ta haɗa maka rana da wata duniya ido da ido shi ne giftawar Uɗaridu ta 13 ga Nuwamba 2032, wadda za a gani daga farko har ƙarshe a Saudiyya, daga hantsi zuwa bayan azahar. Faɗinsa kusan kashi ɗaya cikin 190 ne na faifan rana, ido da tabarau ba zai kama shi ba, sai ninki 40 zuwa sama. Ana bambanta shi da tabo da abu uku: da'ira ce cif, ya fi kowace ƙwayar tabo baƙi kuma ba shi da geza, sannan cikin kwata ɗin awa za ka ga ya gusa. Zahara kuwa ta yi nata a 2004 da 2012, sai Disambar 2117.

Zagaye na 25 ya kai ganiyarsa a ƙarshen 2024, yanzu gangara yake yi zuwa ƙarancin da ake sa ran wajen 2030. Tabon zai riƙa raguwa yana matsowa tsakiyar faifai, har a fara samun ranakun da rana take fes babu ko ɗigo, don haka wanda ya jinkirta saye zai tarar da abin kallo ya ragu. Game da ranar husufi kuma, ledar tana zama a bakin madubi duk tsawon lokacin da ko siririn gefen rana yake waje, fiye da awa ɗaya kafin duhu da bayansa. Ana cire ta ne kawai bayan hasken ƙarshe ya ɗauke, a mayar kafin ya dawo, don haka a gwada ɓalle maɗauran uku da mayar da su har hannu ya saba, a kuma sa agogon waya ya yi ƙara minti ɗaya kafin ƙarshen duhun. Wanda zai tafi sallar kusufi ya sauke madubin ya shigar da shi ɗaki ya kulle, kada ya bar shi a saman bene inda yara suke.